Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Editoci Da Masu Fassara Labarai Da Hausa, Kan Sunan Da Kuke Kiran Mutuwar Wanda Ya Kashe Kansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku baki ɗaya, editocin jaridu da na gidajen rediyo da talabijin, da masu fassara labarai, da ku masu riƙe da shafukan Facebook waɗanda dubban mutane ke farkawa da su kowace safiya. Allah ya sanya albarka a aikinku.

Na rubuto muku ne a madadin mutane iri biyu da ba kasafai ake jin muryarsu ba: iyalan da suka rasa wani nasu ta hanyar kashe kai, da kuma waɗanda suka taɓa yunƙurin yin hakan, Allah ya yi da sauran kwanansu a gaba. Ni ba likita ba ne, ba kuma malamin addini ba. Aikin sa kai ne ya zaunar da ni tare da su, na daɗe ina sauraronsu, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan daga bakinsu na fara jin sa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sakaci. Tun 2003 duniya ke ware ranar 10 ga Satumba domin faɗakarwa kan wannan matsala. Tun shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa 'yan jarida ƙa'idojin ba da irin wannan labari, ta sabunta su a 2008 da 2017 da 2023. Amma har yau idan ranar ta zagayo sai ka ji an ce “ranar yaƙi da kisan kai”, washegari kuma a koma ga kanun labarai irin na jiya. Kowane ɗakin labarai da irin tasa fassarar, wani lokacin ma kowane ma'aikaci da tasa.

Bari mu fara daga “kisan kai” ɗin. Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi idan aka ce an gurfanar da wane a kotu bisa laifin kisan kai: ya kashe wani ne. “Kai” ɗin da ke cikinta na wani mutum ne daban, ba na mai aikatawa ba. To idan mai fassara ya ga kalmar Turanci ta “suicide” ya mayar da ita “kisan kai”, ɓarna biyu ya yi a lokaci guda. Mai sauraro ya ɗauka ana maganar 'yan ta'adda da masu ɗaukar makami, saƙon bai isa gare shi ba. Wanda kuma ya gane abin da ake nufi, an jera masa ɗansa ko ƙanwarsa a sahu ɗaya da masu zubar da jinin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kashi 73 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma a 2021 ita ce ta uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Na sha jin an karanta waɗannan alƙaluma a ƙarƙashin sunan “kisan kai”. Uban da ke da matashi a ɗaki wanda ya daina cin abinci, ya daina fita, ya daina barci, zai ji labarin ya wuce, bai san da shi ake ba.

Ya kamata ku san kayan da kuke ɗaukowa idan kuka ɗauko kalmar Turancin, domin ba a wofi ta zo ba. An ƙera ta ne daga kalmomin Latin guda biyu: “sui”, wato na kansa, da “caedere”, wato sara ko kashewa. Sai dai Rumawan da suka yi magana da Latin ba su san ta ba, su abin da suke cewa shi ne mutuwar ganin dama. A Ingila aka haɗa ta cikin ƙarni na 17, kuma ana yawan danganta farkon bayyanarta ga wani likita mai suna Thomas Browne, a wani littafi da ya fitar a 1643. Kafin nan abin da Turawan Ingila ke cewa yana nufin mutum ya yi wa kansa kisan gilla. Sabuwar kalmar ta karɓu ne saboda ta fi tsohuwar sauƙin hukunci. Daga can ta ƙetara Faransa a ƙarni na 18, ta shiga ƙamus ɗin hukumar kula da harshen Faransanci a 1762.

Dokar Ingila ta wancan zamani tana da nata sunan, “felo de se”, ma'ana wanda ya aikata babban laifi a kan kansa. Kuma ba suna ne kawai ba. Gawar irin wannan mutum ana binne ta a mararrabar hanya cikin wulaƙanci, dukiyarsa kuma ta koma hannun masarauta, a bar matarsa da 'ya'yansa hannu rabbana. Sai a 1823 aka hana binnewa a mararraba, a 1870 aka daina ƙwace dukiyar, sannan sai a 1961 aka cire kashe kai daga jerin laifuffuka a Ingila da Wales. Dokar ta tafi, amma ta bar sawunta a harshe. Har yau Bature kan haɗa “suicide” da “commit”, kalmar da yake amfani da ita wa fashi da fyaɗe. Wannan ya sa a 2015 kamfanin dillancin labarai na AP ya shawarci ma'aikatansa su guje mata. Mu kuwa sai muka kwaso abin da masu shi ke ƙoƙarin yarwa, muka ce wane “ya aikata kisan kai”. Hukuncin wata kotun Ingila ta ɗaruruwan shekaru da suka wuce ne muke karanta wa jama'a da Hausa ba tare da mun sani ba.

Ba Turanci kaɗai ke da wannan nauyi ba. Larabawa suna cewa “intihar”, daga tushen kalmar da ake kiran sukan raƙumi da ita. Jamusawa suna da kalmomi uku: ɗaya tana nufin kisan gilla ga kai, ɗaya tana nufin mutuwar 'yanci, ta ukun kuma ita ce ta Latin ɗin nan. Likitocinsu sun fi son ta ukun, domin ta farko tana tsinewa, ta biyu tana ƙawata abin, kuma duka biyun suna cutarwa. Wannan ne ma'aunin da nake so ku riƙe: kalmar da ba ta zagi mamaci ba, ba ta kuma mayar da shi gwarzo ba.

A nan ne “ƙunar baƙin wake” ta shigo. Kamar yadda ake ba da labarin a baka, Baƙin Wake mutum ne da ya rungumi wani ɗan sarki azzalumi ya faɗa wuta da shi, ya gwammace su ƙone tare. Shi ya sa aka ara wa masu ɗaura bam su tashi da jama'a wannan suna, kuma ya zauna daram. Amma na ga inda aka rubuta cewa wata yarinya da ciwon damuwa ya ci ƙarfinta “ta yi ƙunar baƙin wake”, don kawai kalmar Turancin iri ɗaya ce a wuraren biyu. Yarinyar nan ba ta nufi kowa da sharri ba. Ku bar wannan suna ga waɗanda suka tafi da rayukan wasu.

Sai abin da ya fi ci mini rai, wato kanun labarai na nishaɗi. “Matashi ya sheƙa barzahu.” “Ta aika kanta lahira saboda saurayi.” “Magidanci ya baƙunci lahira kan bashi.” Ku lura da wani abu kuma. Idan mutum ya mutu a hatsarin mota kuna cewa ya rasu, kuna kiransa marigayi, kuna rufewa da Allah ya jiƙansa. Idan wanda ya kashe kansa ne, duk waɗannan sai su ɓace. Ba ya rasuwa, sai dai ya mutu ko ya sheƙa. Ba marigayi ba ne, “mutumin” ne ko “matar”. Ba wanda ya zauna ya yanke wannan shawara, amma iyalansa suna lura da ita kalma bayan kalma.

Wata uwa ta taɓa miƙo mini wayarta ba tare da ta ce komai ba. Hoton ɗanta ne a wani shafi, irin hoton da bai kamata uwa ta gani ba, balle duniya. A sama an rubuta ya sheƙa lahira, a ƙasa kuma mutane sun yi layi: wannan ya ce ɗan wuta ne, wancan ya ce rashin tarbiyya ne, wani ya saka hoton dariya. Tana riƙe da gefen mayafinta tana murzawa har na gama karantawa. Ta ce tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Abin da ya kawo ta wurinmu ma ba shi ba ne. Ƙanensa ne ya fara nuna irin alamomin da yayansa ya nuna, kuma ya ƙi a kai shi asibiti, ya ce ba ya so a yi da shi yadda aka yi da yayansa. Magana zarar bunu ce. Wanda ya rubuta kanun nan ya manta da shi kafin la'asar, su kuwa suna cikinsa har yau.

Wataƙila wani a cikinku ya ce ai zafafa kalma yana tsoratar da masu niyya. Da haka ne da na yi shiru. Abin da bincike ya nuna akasin haka ne. A 1974 wani masanin zamantakewa a Amurka, David Phillips, ya bi diddigin labaran kashe kai da aka buga a shafin farko na jaridu, ya ga adadin masu mutuwa ta wannan hanya yana hauhawa bayan an buga su. A Viyana, babban birnin Ostiriya, an yi ta samun irin wannan mutuwa a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, jaridu kuma suna ta kururutawa. A 1987 masana suka shawo kan 'yan jarida suka sauya salon ba da labarin, cikin watanni adadin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100. Bayan rasuwar ɗan wasan barkwancin nan Robin Williams a watan Agustan 2014, wadda aka bayyana yadda ta faru dalla-dalla, masu bincike sun gano ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 na masu kashe kansu a Amurka cikin watannin da suka biyo baya, kuma ƙarin ya fi yawa ta irin hanyar da aka bayyana.

Ku kuwa kusan kullum hanyar ce kanun labarinku. Kuna faɗin abin da aka sha da sunansa na kasuwa, kuna faɗin wurin da aka je, wani lokacin har da hoton kwalbar da hoton wasiƙar da mamacin ya bari. Wani saurayi da Allah ya kuɓutar ya faɗa mini cewa ya yi watanni yana jin ya gaji da rayuwa, amma bai taɓa tunanin ta yaya ba, sai da ya karanta a wani shafin labarai. Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Kuma samun hanya a kusa ba ƙaramin abu ba ne. Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya haɗari, adadin masu kashe kansu a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Idan nesanta gubar daga hannun mutane ya ceci rayuka haka, to me tallata sunanta a kanun labari zai yi?

Haka nan dalili guda da kuke maƙala wa kowane labari: saboda ya faɗi jarrabawa, saboda an hana ta wanda take so, saboda bashi. Dubban mutane suna faɗuwa jarrabawa su kwana su tashi. Abin da kuke kira dalili galibi shi ne na ƙarshe da ya faɗo a kan kaya masu yawa: ciwon damuwa da ba a yi magani ba, shaye-shaye, ciwo mai tsanani, cin zarafi, kaɗaici. Idan kuka ce saboda jarrabawa, kun faɗa wa kowane ɗalibi da ya faɗi cewa ga abin da ake yi. Kun kuma ɗora wa wani uba, ko wata budurwa, ko wani malami alhakin rai a bainar jama'a, ba shari'a, ba bincike.

Na san inda hankalin da yawa daga cikinku yake, kuma nan nawa yake: addini. Ba na neman ku halatta abin da Allah ya haramta. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mu kashe kawunanmu, hadisai kuma sun zo da gargaɗi mai tsanani. Amma ku dubi yadda ayar ta ƙare: lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da sahabi Ɗufail ɗan Amru, ya yi rashin lafiya, ya kasa jurewa, ya yi wa hannayensa abin da ya zama ajalinsa. Da Ɗufail ya ba da labarin mafarkin da ya yi da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara har ga hannayen nasa. Malamai sun kafa hujja da wannan hadisi cewa wanda ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, kuma mafi yawansu sun tafi a kan a yi masa wanka, a yi masa salla, a bar lamarinsa ga Ubangijinsa. Cocin Katolika ma, wadda a da take hana irin wannan mamaci jana'iza, yau koyarwarta ta ce tsananin ciwon ƙwaƙwalwa na iya rage alhakin mutum, kuma tana yi musu addu'a. To idan malamai sun tsaya a nan, wa ya ba mai rubuta kanun labari, ko mai sharhi a ƙarƙashinsa, mabuɗin wuta da aljanna? Faɗin cewa abu haramun ne daban, yanke wa wani bawa makoma daban.

Akwai kuma masu rai, waɗanda kalmominku suka fi shafa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla ƙasashe 23 ne har lokacin suke hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Indiya ta sassauta tata dokar a 2017, Singafo ta soke a 2020, Pakistan a 2022, Ghana da Malesiya a 2023, domin an ga tsoron kamu yana hana mutane zuwa asibiti ne kawai. Idan kuka rubuta “an cafke matashin da ya yi yunƙurin kashe kansa” da hotonsa, ko kuka ce “yunƙurin nasa bai yi nasara ba”, kamar mutuwar ce nasara, kuna ƙara rufe bakin wanda ke gab da neman taimako. Kuma kada ku yarda da zancen nan na cewa wanda ya yi niyya ba mai hana shi. A 1978 wani mai bincike, Richard Seiden, ya bibiyi mutum 515 da aka tare a kan wata gada a Amurka suna shirin kashe kansu. Bayan shekaru masu yawa, kashi 94 cikin 100 suna raye ko kuma sun yi mutuwar Allah da Annabi. Halin ƙunci ne mai zuwa ya wuce, idan aka samu wanda ya tsaya da mutum a lokacin.

Ga abin da muke roƙo.

Ku daina cewa “kisan kai” da “aikata kisan kai” da “ƙunar baƙin wake” a wannan wuri. “Ya kashe kansa” Hausa ce tsantsa, ta faɗi abin da ya faru ba ƙari. Inda ake buƙatar suna, ku ce “kashe kai”, ranar 10 ga Satumba kuma ku kira ta ranar rigakafin kashe kai. Ku mayar wa waɗannan mamata “ya rasu” da “marigayi” kamar kowa. Ku cire “sheƙa” da “baƙunci lahira” da “nasara” daga irin wannan labari gaba ɗaya.

Kada ku faɗi hanya, ko sunan abin da aka yi amfani da shi, ko wurin. Kada ku buga hoton gawa ko wasiƙar da aka bari. Idan ba dole ba, kada labarin ya hau shafin farko, kada kuma a yi ta maimaita shi. Ku bar iyali su yi zaman makokinsu, ba a kai musu makirufo ranar da suka binne ɗansu. Masu shafukan intanet, ku sa ido a kan sharhin da ake yi a ƙarƙashin labarin, ko ku rufe shi, domin dangin mamacin suna karantawa, masu irin ciwonsa ma suna karantawa.

Duk labarin da ya shafi wannan batu, ku rufe shi da inda za a samu taimako: asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa, ko lambar wayar masu ba da shawara. Ku kira lambar da kanku tukuna ku tabbatar ana ɗauka. Ku riƙa faɗa wa mutane cewa tambayar ɗan'uwa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma ita ce ke buɗe masa baki. Sannan ku nemi waɗanda suka shiga wannan hali suka fita, ku ba su fili idan sun yarda. Wani bincike da aka yi a Ostiriya a 2010 ya nuna irin waɗannan labarai suna tafiya tare da raguwar kashe kai. Suna nan da yawa, suna aiki, suna renon 'ya'yansu, ba a dai tambayarsu ne.

Kai kuma da kake karanta wannan wasiƙa alhali abin yana cikin ranka, ka faɗa wa wani da ka amince da shi yau, ka bari a raka ka wurin likita. Ciwo ne, kuma ana maganinsa.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne ku zauna. Ku gayyaci malaman Hausa na jami'o'i, da likitocin ƙwaƙwalwa, da malaman addini, ku mayar da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya zuwa Hausa, ku fitar da takarda guda mai shafi ɗaya ko biyu wadda za a liƙa a kowane ɗakin labarai, a kuma ba duk sabon ma'aikaci. Muna fatan a yi wannan kafin 10 ga Satumba mai zuwa. Wasu daga cikin iyalan da nake magana a madadinsu sun ce za su halarci zaman su faɗa muku da bakinsu, da sharaɗin ba za a ɗauki hotonsu ba, ba kuma za a ambaci sunayensu ba.

Wassalam.

Naku,
Wani mai aikin sa kai tare da iyalan da abin ya shafa